Aiken Halszka

Ƙarfe huɗu a Gdansk, rana ta riga ta naɗe tabarmarta.
Tirela goma sha ɗaya a ƙofar tashar jiragen ruwa,
kowane direba da takardarsa a hannu,
allon da ke gaban Leszek kuwa ya sandare.

Ba lalacewa ya yi ba. Jira yake.
Manhajar ofis ta aiki wata ƙaramar manhaja
ta je ta matse hotunan takardun kaya,
sai ta kafe a bakin ƙofa, hannu a ƙugu,
ba ta ji, ba ta gani, ba ta amsa sallama
sai ɗan aikenta ya dawo.
Zenon ya leƙo ta taga, ƙanƙara a gashin bakinsa:
kifin da ke bayan motata bai iya haƙuri ba.

Aka kira Halszka daga hawa na biyu.
Ta sauko da shayin da ya huce,
ta buɗe cikin manhajar kamar mai feɗe kifi,
ta bi layi-layi da ɗan yatsa
har ta iso kan kalma guda mai cewa: tsaya.
Wanda ya rubuta ta ya bar aiki shekara shida,
ya bar ta tana jiran gawon shanu.

Ta tuna kakarta, can ƙauye,
mai tura ta sayen burodi da sassafe.
Tsohuwar ba ta taɓa tsayuwa a ƙofa ba.
Tana feraye dankali, tana iza wuta, tana faɗa da kyanwa,
kunne ɗaya kawai take bar wa ƙyaure.

To, haka.
Ta goge kalmar, ta rubuta:
tashi ɗan aike, riƙe lambarsa, sake shi,
ki koma wa mutanen taga.

Allo ya numfasa. Tirela biyu suka wuce.
A ta uku abin ya cije.
Ashe ɗan aiken sarkin surutu ne,
yana ta zuba bayani a bututu, babu mai kwasa,
bututu ya cika,
ya tsaya da magana a fatar baki
yana jiran uwar da ta manta da shi.
Halszka ta yi tsaki, ta dasa mai sauraro a bakin bututun,
ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, kamar mai tarar ruwan indararo.

Ba a nan ta ƙare ba.
Waɗanda suka gama aikinsu,
babu wanda ya ce musu yaya hanya.
Ga su nan a jerin sunaye, ba rai, ba su kuma tafi ba,
fatalwa bakwai, kowace da 'yar lamba a tafin hannu:
sifili, na cika;
ɗaya, na kasa, ga dalili.
Ta ƙara layi uku don a karɓi saƙon kowa a sallame shi,
da na huɗu, mai ɗaci,
don wanda ya haura minti biyu bai waiwayo ba.

An ce taura biyu ba ta taunuwa.
Leszek ya ga tara a baki ɗaya, bai ce uffan ba,
hatimi kawai yake bugawa.
Zenon ya ɗaga hula, kifinsa ya kama hanya.

Da dare ta sauka daga jirgin cikin gari,
ta hau matakala sittin da biyu.
Ɗanta Mieszko yana kan wani jirgin dakon kaya,
kwana tara ke nan babu kira.
Ta rataye kwat, ta ɗora miyar kabeji,
ta shanya safa a kan bututun ɗumama ɗaki,
ta yanka albasa fiye da yadda miyar ke so.
Wayar tana gefen gishiri,
fuskarta sama.